Yadda Wani Fim Ya Kore Ni Daga Tarabulus

Abin da na fara sani a Tarabulus shi ne sanyin teku. Ni mutumin Bawdeta ne, cikin ƙasar Tasawa, kuma ruwa mafi girma da na taɓa gani kafin nan shi ne tabkin da ke cika a bayan gari da damina. Sai ga ni a saman benen wani gida mai farar katanga, in na buɗe tagar kicin ba abin da nake gani sai ruwa har inda ido ya ƙare, iska na shigowa da ƙarnin kifi tana ratsa ƙashi.

Sunana Lawali, kuma kuku ne ni. Na koyi aikin a Tasawa, a gidan wani Bafaranshe da ke sayen gyaɗa wa wani kamfani, wanda mutanen gari suka sa wa suna Mai-Lofe don ba a ganin bakinsa ba lofen shan taba. Na daɗe ina dafa masa, shi da matarsa Madam. Da ƙasa ta sami 'yancin kai bai jima ba ya bar harkar gyaɗa, ya sami aiki a wani kamfani mai neman man fetur a hamadar Libiya. Madam ta ce ba inda za ta ba tare da ni ba, don ba wanda ya san cikinta kamar ni. Na bar matata Hadiza da tsohon ciki, na bar babanmu da wana Isuhu a gona, na bi su. Takardar tafiyata Mai-Lofe ne ya sa aka yi, shi ne kuma ya riƙe ta.

Watannin farko ba ni da wanda zan yi wa magana. A gida Faransanci nake ji, irin na aike: kawo, ɗauke, yi sauri. A kasuwa Larabci da Italiyanci, ni kuwa Larabcina bai wuce na salla ba. In na je sayen nama sai in nuna da yatsa, mahauci ya yanko mini abin da ya ga dama. Na nemi gero a garin nan har na gaji. Wata rana na hango shi a shagon wani mai sayar da tsuntsaye, ashe can abincin kanari ne. Na saya, na daka a turmin yaji, na dama, na sha a tsaye a bayan kicin hawaye na zuba cikin kwanon.

Wata Juma'a da aka fito masallaci, ina ta neman takalmina cikin na mutane, na yi tsaki na ce, "Kai, wanga gari!" Sai wani tsoho baƙi da ke kusa da ni ya damƙe hannuna.

"Ɗana, kai ɗan ina ne?"

Na tsaya ina kallonsa kamar wanda aka tada daga barci. Sunansa Baba Gambo, mutumin Damagaram. Tun yana saurayi ya biyo ayari da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Tarabulus, bai kai Makka ba, bai koma gida ba. Yana shara da wanke-wanke a shagon wani Bagirike mai ɗaukar hoto. Daga ranar, duk Juma'a bayan salla sai in bi shi bayan shagon, ya dafa shayi, mu zauna kan akwatunan katako muna Hausa. Yakan ce in ba shi labarin kaka a Tasawa: yadda ake jibge buhunan gyaɗa har su kere gidaje, yadda kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, ke jeruwa tun asuba, yadda manoma ke faɗa da masu awo. Ya rufe ido yana saurare. Sau ɗaya ya roƙi maigidansa ya ɗauke ni hoto da aron kwat, na aika wa Hadiza ɗaya, na ajiye ɗaya a akwatina.

Wata Lahadi aka yi baƙi a cin abincin rana. Jiyanta duk sun je sinima, kuma tun daga kan romo har zuwa gahawa ba su da zance sai fim ɗin da suka gani. Ina shiga ina fita da faranti, na tsinci labarin guntu-guntu. Wai wani bara ne a gidan wani babban mutum lokacin Yaƙin Duniya, yana goge masa kaya yana jera masa tebur, ashe in maigida ya fita sai ya buɗe akwatin ƙarfe, ya ɗauki hoton takardun asiri, ya sayar wa abokan gaba. Madam ta ce ita ta karanta littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki, kuma ba ƙage ba ne, an yi mutumin, sunaye kawai marubucin ya sauya.

Cikin baƙin akwai mataimakin Mai-Lofe a wurin aiki, wani saurayi mai jan gashi da ake kira Mushe Diran, Mushe kuwa shi ne kamar Malam a Faransanci. Ina zuba masa ruwa sai ya dubi Mai-Lofe, ya nuna ni da cokali.

"Ai ga naka nan. Akwai wanda ya ji shigowarsa? Ni dai ban ji ba."

Aka fashe da dariya. Madam ta ce, "Gaskiya ne, Lawali tafiyar kyanwa gare shi." Ba ta tuna ba ita ce a Tasawa ta ce ƙarar takalmina tana sa mata ciwon kai, ta sa na koma na roba, na koyi tafiya da sanɗa.

Mai-Lofe ya zare lofe daga baki. "Lawali, wa kake sayar wa asirina?"

Na ce, "Mahauci, Mushe."

Suka yi ta dariya har da bugun tebur. Na koma kicin ina jin daɗi na ba manya dariya.

Daga ranar sunana ya koma "ɗan leƙen asirinmu". Da farko wasa ne, ana faɗa ana murmushi. Sannu a hankali na ga ɗakin da Mai-Lofe ke ajiye taswirorinsa, wanda kullum ni ke sharewa, an fara kulle shi. In na shigo falo Madam na magana sai ta tsaya har in fita. Ban damu ba, na ce halin Nasara ne, zai wuce.

Ana nan sai masifa ta faɗa wa kamfanin. Abin da na ji daga bakin direbobi shi ne, sun daɗe suna auna wani wuri a hamada, sun tabbata akwai mai a ƙarƙashinsa, suna shirin nemansa a wurin hukuma, sai wani kamfani ya riga su. Ba yadda za a yi ya sani in ba wani ya ba shi taswirar ba. Aka turo wani mutum mai tabarau daga ƙasarsu don ya bincika.

Da hantsi aka kira ni falo. Mai tabarau na zaune, Mai-Lofe na tsaye a bakin taga, akwatina kuma a buɗe a ƙasa, kayana a warwatse.

"Me kake zuwa yi shagon mai hoto duk Juma'a?"

"Shan shayi, Mushe."

"A shagon hoto ake sayar da shayi?"

Na yi masa bayanin Baba Gambo. Ya rubuta wani abu. Ya ce wa ya koya mini Faransanci har nake jin abin da ake faɗi a tebur. Na ce Madam. Na ƙara da cewa ni ko harafi ɗaya na boko ban sani ba, in an ba ni takarda ban san samanta da ƙasanta ba.

Ya ce, "Mai ɗaukar hoton takarda ba sai ya iya karanta ta ba."

Ya ɗaga hotona mai kwat ya duba gaba da baya. Sannan ya ɗauki layar da babanmu ya ɗaura mini a dantse tun ina yaro, wadda na cire don igiyarta ta tsinke, ya sa reza ya farke fatar. Ya warware takardar ciki ya ɗaga ta ga haske. Da bai ga abin da yake nema ba ya ajiye ta cikin farantin tokar taba.

Nan na juya ga maigidana. Na ce, "Mushe, ka san ni. Lokacin da ciwon shawara ya kayar da kai a Mayahi, ni na yi jinyarka, ni na riƙa juya ka ina wanke ka. Ka gaya masa."

Bai dube ni ba. Yana ta ƙwanƙwasa lofensa a tafin hannu. Can ya ce, "Ba a ce kai ne ba, Lawali. Amma ba a iya cewa ba kai ba ne."

Kafin azahar ina kan titi da akwatina a ka. Madam ba ta fito daga ɗaki ba. Da na nemi takardar tafiyata aka ce mallakar kamfani ce, za a duba. Na yi ta komawa bakin ƙofar gidan, har mai gadin da muke cin abinci tare ya roƙe ni in daina, kada in ja masa.

Baba Gambo ne ya karɓe ni a ɗan ɗakinsa cikin tsohon gari, inda in mutum biyu suka kwanta ba wurin ajiye buta. Bagirike ya ji labari ya ce kada ya ƙara ganina kusa da shagonsa, tsohon kuwa bai taɓa nuna mini na zame masa kaya ba. Na ce masa ina son in ga abin da ya kore ni. Mai tsaron ƙofar sinimar maƙwabcinsa ne, ya shigar da mu kallon la'asar ta ƙofar gefe, muka zauna a bencin gaba.

Da Italiyanci ake magana, ban ji ko kalma ba, amma na gane shi yana fitowa. Dogon Bature ne kyakkyawa, gashi a kwance, farar safar hannu. Ina jira in ga inda muka yi kama. Ban gan shi ya hura wuta ba, ban gan shi ya fige kaza ba, ban gan shi ya tsuguna yana goge daɓe ba. Ya dai shigo da faranti a hankali, ya tsaya a bayan kujerar maigidansa ana magana yana saurare. Wannan tsayuwar ce kawai tawa. Duk lokacin da ya buɗe akwatin ƙarfe 'yan kallo sai su riƙe numfashi, in ya tsira su tafa. Suna sonsa. Da muka fito Baba Gambo ya tofar da yawu ya ce, "Ɗana, tafi gida. Ni na ce sai baɗi, sai baɗi, ga ni nan. Kada ka tsufa a garin nan."

Ba takarda, ba jirgi. Hanya ɗaya ta rage, ta hamada.

Wani direban babbar mota ya yarda ya kai ni Sabha, wani gari a kudancin Libiya, in ba shi agogona da bargona. Muka yi nisa, duwatsu da rairayi kawai. Da muka kusa wani shingen 'yan sanda ya tsaya ya ce tunda ba ni da takarda in sauka in zagaya ta bayan tudu, zai jira ni a gaba. Na sauka, na zagaya cikin rana, duwatsu na yanka mini ƙafa. Da na fito kan hanya ba abin da na tarar sai sawun taya. Akwatina na cikin motar, da turmin atamfar da na saya wa Hadiza, da 'yar rigar da na saya wa jaririn da ban san ko namiji ne ko mace ba.

Wasu leburori masu gyaran hanya suka tsince ni, leɓena ya tsage. Ba su tambaye ni kome ba sai da suka ba ni ruwa kaɗan-kaɗan. Na zauna da su ina dafa musu taliya da shayi, ina matsawa kudu yadda aikinsu ke matsawa, har muka ga dabinan Sabha.

A Sabha na sami wanke kwanoni a wata rumfar abinci ta direbobi. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ina nan. Wata rana ina kwashe kwanoni wani ya ce, "Lawali?" Miftah ne, direban kamfaninmu, Balarabe mai raha wanda nakan ɓoye wa sauran nama. Ya ja ni gefe, muka yi magana da Faransancinmu na 'yan aiki.

Ya ce, "Ka ji labarin Jan Gashi, Mushe Diran? Ya bar mu. Yanzu yana wancan kamfanin, sun ba shi babbar kujera da gida a bakin teku. Kowa ya san shi ne ya ba su taswirar."

Na ajiye kwanonin a ƙasa. Na ce, "Mai-Lofe ya sani?"

"Ya sani mana. Har sun haɗu a wata liyafa, sun gaisa."

"Ya tambayi inda nake?"

Miftah ya dubi ƙasa. Ya ce, "Sun sami wani kuku, ɗan Sudan." Ya tuɓe kwat ɗinsa mai kauri ya yafa mini, kuma kafin ya tashi sai da ya haɗa ni da wani ɗan kasuwar dabino mai gangarawa kudu.

Wannan yankin tafiyar ba na son tuna shi. Mota ta kai mu inda za ta iya, sauran a bayan raƙuma da ƙafa. Akwai rijiyar da muka tarar da mushen dabba a ciki, muka tace ruwan da rawani muka sha. Akwai wata tsohuwa Batubuwa, 'yar wata ƙabilar hamada, a wani zango da ta ga ƙafafuna, ba mu jin harshen juna, ta narka kitse ta shafa mini ta ɗaure da tsumma, ta cusa mini dabino a aljihu. Ranar da muka shiga Agadas na nufi kasuwa na zauna kusa da wasu mata masu sayar da fura, ba don in saya ba, don kawai in ji suna ciniki da Hausa.

A nan na fara jin ƙasa ba lafiya. Ana raɗe-raɗin wasu samari sun fita waje sun koyo harbi, suna sulalowa ta kan iyaka don su tada gwamnati, hukuma kuma tana kamun duk wanda ba a san inda ya fito ba. Wani mai shayi ya ce mini, "In an tambaye ka, kada ka ce daga Arewa ka hito." Na ce to in ce daga ina? Ga kwat ɗin Larabawa a jikina, ga bakina ya saba da kalmominsu.

Ranar kasuwa na sauka Tasawa. Ƙamshin ƙuli-ƙuli ya buge ni, na ga sikelin awon gyaɗa a inda na bar shi, na ga hanyar Bawdeta ta miƙe tsakanin gonaki, gero ya fara fitar da kai. Ban kai bakin hanyar ba wani jandarma ya ce in nuna takarda.

Suka shigar da ni wani ɗaki. Babbansu baƙar fata ne kamata, yana tambaya da Faransanci, in ya fusata ya juya Hausa. Wa ya aiko ka? Ina kuka yi horo? Ku nawa ne? Na ga gaskiya ce kaɗai za ta fishe ni, na kwashe labarin duka na gaya masa, tun daga abincin rana na Lahadi har farke layata. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya juya ga na kusa da shi.

"Ka ji ko? Da bakinsa ya faɗa. Har Nasara sun kore shi don leƙen asiri."

Na buɗe baki in gyara, mari ya rufe mini shi.

A tsare na ji an yi girbi. Ta 'yar tagar ɗakin nake jin kamyo na wucewa da gyaɗa. An gaya mini wana Isuhu ya zo da ƙwaryar fura aka mayar da shi daga bakin ƙofa. Wani tsohon mai awo da ya san ni tun ina yi wa Mai-Lofe cefane shi ya yi ta zarya, yana rantsuwa ni kuku ne ba wani abu ba, har suka gaji suka sake ni. Shi ne kuma ya gaya mini, a nan bakin titi, cewa babanmu ya rasu ana cikin roron wake. Ya ji na iso Tasawa, ya yi ta tambaya ko an sako ni.

Na isa Bawdeta da ƙafa. Hadiza na sussuka a tsakar gida, ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa tana salati. Wata 'yar yarinya ta leƙo daga bayanta ta dube ni, ta ruga ɗaki da gudu. Mace aka haifa, an sa mata sunan innarmu.

Mutane sun zo barka, sun yi mini gaisuwar rashi, ba wanda ya faɗi mummunar magana. Amma labarin ya riga ni isowa, kuma ya rabu biyu. Wasu na cewa 'yan tawaye nake wa aiki shi ya sa aka kama ni, wasu na cewa gwamnati nake wa aiki shi ya sa aka sake ni. In na nufi gindin gawon da dattawa ke zama da yamma, ana cikin zancen haraji ko na masu awo, sai a koma zancen ruwan bana. In na tashi in ji murya ta dawo a bayana.

Da damina ta kewayo muna noman gyaɗa ni da Isuhu a gonar babanmu, mu biyu kawai. Rana ta take, muka zauna ƙarƙashin aduwa muna shan fura. Ya daɗe yana juya ludayi. Sannan ya waiga hagu da dama, ko da yake ba kowa a filin sai mu, ya rage murya.

"Lawali, ni da kai ciki ɗaya muka hito, kuma ba mai jin mu sai Allah. Tsakani da Allah, wa kake yi ma aiki?"

Na dube shi. Fuskar babanmu ce sak. Ba mugunta a idonsa, tsoro ne kawai.

Na ce, "Yaya, ni kuku ne."

Ya ce, "To." Ya miƙo mini ludayin.

Mun yi shekaru bayan wannan muna noma gona ɗaya, muna cin tuwo a akushi ɗaya, ni na yi masa wanka ranar da ya rasu. Amma har ya koma ga Allah, bai ƙara kukan haraji a gabana ba.